Tambayi Bakanike: Ina So In Ɗaga Hilux Ɗina In Sa Mata Manyan Tayoyi

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da damina ta kankama, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan abu ɗaya suke, wato motar da ke kafewa a hanyar gona da shawarar a ɗaga ta a canza mata taya. Na zaɓi huɗu, kuma ta farko ce za ta ci mana wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Baba Bakanike, ni manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai injin fetur 2.7, tayoyinta 265/65R17. Daga bakin kwalta zuwa gonata kilomita 14 ne, kuma da ruwa ya sauka taraktoci sukan haƙe hanyar, su bar rami hagu da dama da tudu a tsakiya. Bara sau uku motar tana ɗarewa kan tudun nan, tayoyi na juyawa a banza, sai da tarakta ta zo ta ja ni. Wani mai walda ya ce zai ɗaga min ita inci 4, ni kuma in sayi 285/70R17. Kafin in sayar da buhunan da na ajiye in shiga wannan aiki, me ka gani?

AMSA: Alhaji, Allah Ya ba da damina mai albarka. Ka kyauta da ka tambaya tun kuɗin suna hannunka.

Gobe da safe ka shimfiɗa tabarma a bayan motar, ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta. A tsakiyar aksul ɗin baya za ka ga wani kumburi mai kama da tulu, inda farfela ta shiga. A cikinsa haƙoran da ke raba ƙarfi ga ƙafafun baya suke. Ka auna daga gindin tulun nan zuwa ƙasa, ba zai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Shi ne abin da ke hawa kan tudun hanyarka, kuma in ka duba da kyau za ka tarar da busasshiyar laka da kujewa a jikinsa. Sai ka sa yaro ya kafa jak a jikin shasi ya fara ɗagawa, kai kuma idonka na kan tulun. Bodi zai tashi, sifirin zai miƙe, amma tulun yana nan inda yake har sai taya ta bar ƙasa. Dalili shi ne aksul a kan tayoyi yake zaune, sifirin kuma a kan aksul, mota a kan sifirin. Duk abin da mai walda zai cusa, sama da aksul zai cusa shi. Ko inci 10 ya ɗaga maka, tulun bai san an yi ba.

Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, to bari mu yi lissafinta. A 265/65R17, lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 172. Ta uku girman rim ne, inci 17, wato milimita 432. Gefe biyu da rim sun ba ka tsayin taya milimita 776. In ka yi wa 265/70R17 irin wannan lissafi za ka sami 803, ita kuma 285/70R17 da kake so 831. Amma aksul a tsakiyar taya yake, saboda haka rabin ƙarin kawai yake samu. 265/70R17 za ta ɗaga tulun milimita 13, 285/70R17 kuma milimita 27. Duk wannan hidima a kan abin da bai kai faɗin yatsu biyu ba ne.

Ban ce yatsu biyu ba komai ba ne. A laka wani lokaci su ne tsakanin wucewa da kwana a daji. Abin da nake so ka sani shi ne me za ka biya a kansu, ban da kuɗin tayar.

Taya 285/70R17 ta fi taka tsayi da kashi 7 cikin ɗari. Ƙarfin jan da ke isa ƙasa zai ragu da kwatankwacin haka a kowace giya, kamar an ɗauke maka wani yanki na giya ɗaya. Injin 2.7 mai silinda huɗu ne, mai juriya ne ƙwarai, amma ba shi da rarar ƙarfi a ƙasa-ƙasa. In ka loda shinkafa ka zo tashi a taɓo, za ka riƙa riƙe kuloci rabi da rabi kana taka totur, kuma wannan warin ƙauri da za ka ji, kuɗinka ne ke ƙonewa. Birki ma haka, tayar ta fi nauyi ta fi tsayi, tsayar da ita ya fi wuya, alhali birkin na da ne. Malejinka zai koma yi maka ƙarya, in ya nuna 100 gudunka ya ƙaru da wajen 7 a kan yadda ka saba, kuma kilomitocin da yake ƙirgawa za su gaza na gaskiya, har lokacin juyen baƙin mai ya wuce ba ka sani ba. Shan mai kuwa, tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 ba sai na yi wa kowa dogon bayani ba. Sannan in ka karya sitiyari har ƙarshe, tayar za ta riƙa gogar madigadi da ƙarfen da bodi ke zaune a kansa a bayan ƙafar gaba, daga nan sai a fara yanka da bugu da guduma.

Yanzu ɗagawar. Gaban Hilux ɗinka ba irin bayanta ba ne. Tun ƙirar 2005, kowace ƙafar gaba da hannayenta biyu, na sama da na ƙasa, da nannaɗaɗɗen sifirin a jikin shokazoba, da shaf mai gaɓa biyu da ke kai mata ƙarfi. A nan ɗagawa tana ɗaga cikin motar na gaba da gaske, wannan kam riba ce. Sai dai hannayen nan iyakar saukarsu ƙayyadadda ce. Duk incin da ka ɗaga, daga cikin wannan iyaka ka ɗebe shi. Zuwa inci 2 suna haƙuri. In aka kai 4 ba tare da an canza hannayen sama an sauko da tulun gaba ba, shaf zai riƙa aiki a karkace kullum, robarsa ta tsage, giris ya fita, laka ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Bol-joyin na sama kuma, wato gaɓar da ke haɗa hannun sama da ƙafa, zai riƙa kai wa maƙurarsa a duk ramin da ka faɗa.

Wannan na ƙarshen shi ne ke hana ni barci. Shekarun baya an jawo mana wata Hilux gareji, wadda aka ɗaga da guntayen bututun ƙarfe da aka yanka aka yi wa walda a kan shokazoba. Ƙafar dama ta gaba ta kwanta ciki kamar ta raƙumin da ya durƙusa. Da na ciro bol-joyin ɗin na ɗora a tafin hannuna, bakin kwaskonsa ya buɗe gefe guda, ya yi sheƙi saboda dukan da ya daɗe yana sha, kan kuma ya fice fit. Mai motar ya ce a kwanar shiga kasuwar ƙauyensu abin ya faru, yana tafiya a hankali, da mata da yara a baya. Minti goma kafin nan yana kan kwalta yana gudu. Na daɗe riƙe da ƙarfen nan ban ce komai ba, kuma har yau yana cikin akwatin kayan aikina, ina nuna wa duk yaron da ya zo koyon aiki.

A baya kuma abin da masu walda suka saba yi shi ne cusa dungun ƙarfe tsakanin aksul da sifirin, a sa dogayen kusoshi a ɗaure. Dungu mai tsayi yana ba aksul damar murɗawa duk lokacin da ka tashi da ƙarfi ko ka taka birki, sifirin ya riƙa lanƙwashewa, kusoshin su saki. Akwai tiyon birki na roba da ke saukowa daga shasi zuwa aksul, tsayinsa daidai motar kamfani aka yanka shi, in ƙafa ta faɗa rami sai ya ɗame. Kuma in motarka ba mai ABS ba ce, wato na'urar da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki, ka duba za ka ga wani ɗan bawul a shasi da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa ya gane ko akwai lodi, in bayan mota ya zauna ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In aka ɗaga motar ba a gyara masa zama ba, kullum zai ɗauka motar fayau take, ya rage birkin baya ko da buhu goma ne a kai. Ban taɓa ganin mai waldan da ya kula da wannan bawul ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba fanninsa ba ne. Ka ƙara da cewa mota mai tsayi da lodi a sama ta fi saurin kifewa a gangaren gefen hanya.

Ga abin da zan yi da a ce tawa ce. Zan sayi 265/70R17 guda biyar, har da safaya, masu alamar LT a gaban lambar, domin gefensu ya fi kauri, sun fi jure kututture da lodi. Ka duba lambar nauyi da ke bin girman, tayarka ta yanzu galibi 112 ce, wato kilo 1,120 kowace ɗaya, kada ka sauka ƙasa da haka, ita LT ɗin sau da yawa 121 ce, kilo 1,450. Tunda rabin rayuwar motar a kwalta take, mai zanen AT, wato wadda aka yi don kwalta da daji duka, za ta ishe ka, amma in taɓon fadamar ne babbar damuwarka ka ɗauki MT, wato ta taɓo, mai manyan haƙora, ka yi haƙuri da kukanta a kwalta da santsinta in an yi ruwa. Sannan ka auna tsayin motar tukuna. Mota mai shekara fiye da goma da ke dakon shinkafa, da wuya sifirinta bai kwanta ba, ta yiwu abin da ta rasa ya kai inci guda. Sababbin sifirin da shokazoba da aka ƙera don ɗaga milimita 40 zuwa 50, saiti ɗaya gaba da baya, za su dawo da wannan su ƙara maka. Bayan an ɗaura, a yi alaimen, a duba tiyon birki da bawul ɗin nan, a saita fitilu don kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido, kuma ka sake ɗaure notocin ƙafa bayan tafiyar kilomita 100.

Sauran aikin a hannunka yake. Kada ka bi sawun tarakta, ƙafarta ta kusa kai ƙirjin mutum, ramin da ta haƙa ba naka ba ne. Inda hanya ta ba da dama, ka ɗora ƙafa ɗaya kan tudun tsakiya, ɗayar a gefen hanya, ramin ya bi ta ƙarƙashinka. Ka sa giyar ƙafa huɗu tun kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba. Ka ajiye shebur da katako biyu a baya. Kuma na tabbata cikin kilomita 14 ɗin nan wuraren da ke kama ka ba su fi uku ko huɗu ba. In kai da maƙwabtan gonarka kuka yi karo-karo aka zuba tifa biyu ta burji a kowane wuri kafin ruwa ya yi nisa, kuɗin ba lalle ya kai na tayoyi biyar ba, kuma har mai amalanken shanu zai sa muku albarka.

TAMBAYA: Malam, ni direba ne a Agadas, ina ɗaukar kaya zuwa Dirku da Bilma da Land Cruiser 79 mai gazuwal, tayoyina 7.50R16 masu tib. Na ga wasu matasa sun koma masu faɗi 285/75R16, suna cewa sun fi tashi a rairayi. In bi su?

AMSA: Ɗan'uwa, kai ka fi ni sanin hamadar Tenere, ni ƙarfen na sani. Abin da ke ɗaukar mota a kan rairayi shi ne girman sawun da taya ta shimfiɗa, kuma in ka sauke iska sawun tsawo yake ƙarawa fiye da faɗi. Doguwar taya siririya mai dogon gefe irin taka, in aka rage mata iska, sawunta yakan miƙe kamar tafin raƙumi, ga shi yashin da take turawa a gabanta kaɗan ne. Mai faɗi tana tura tudu mai faɗi. Injinka 1HZ lita 4.2 ne ba turbo, ƙarfinsa wajen doki 130, kuma da lodin da na san kuna yi, ba shi da abin da zai ba wa taya mai nauyi kyauta. Ban da haka 285 ba za ta zauna a siririn rim ɗinka ba, sai ka sayi rim biyar ko shida sababbi.

Babban dalilina ma ba wannan ba ne. In taya biyu suka fashe maka tsakanin rijiya da rijiya, wace iri ce abokin ayarinka zai iya ara maka, wace iri ce za ka samu a Dirku? Ka zauna a kan girman da hanyarku ta sani. In kana son barin tib, 235/85R16 tsayinta milimita 806 ne, kusan ɗaya da taka, sai dai tana son rim marar zoben da ake cirewa a sa taya, mai faɗin inci 6 zuwa 7.

Ku da kuke auna iska da kilo, a rairayi mai laushi da lodi ka fara da wajen 1.5 a gaba da 1.8 a baya, ka rage gudu sosai, kada ka karya sitiyari da ƙarfi. Taya mai tib in iska ta yi ƙasa da yawa takan zame a kan rim ta tsinke bakin tib ɗin. Da ka fito kan tsakuwa ko dutse ka tsaya ka mayar da iska, domin taya mai ƙarancin iska da lodi da zafin rana daga ciki take dahuwa, ba ta nuna komai sai ta tarwatse. Kuɗin da za ka kashe a kan masu faɗin, ka sayi famfon iska mai kyau da ma'auni naka na kanka. Kuma don Allah, duk lokacin da ake ba rim mai zobe iska, kada kowa ya sunkuya a kansa, zoben nan in ya ɓalle kisa yake yi.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikaciyar lafiya ce a Gembu. Maigidana ya sayo wa Prado ɗinmu manyan tayoyi na gwanjo guda huɗu, haƙoransu kamar sababbi. Tun da aka sa su, in muna gangarowa daga dutsen Mambila zuwa Mayo Selbe sai in ji birki na wari. Ya ce ba komai. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya, abu biyu ne a nan kuma kowanne na da haɗari. Babbar taya tana rage riƙon da inji ke yi wa mota a gangara, sai nauyin duka ya koma kan birki. Warin da kike ji zafi ne, kuma in man birki ya tafasa, ƙafa za ta shige har ƙasa ba abin da zai kama. A wannan gangara a sa giya biyu, ko ɗaya inda ta yi tsanani, in atomatik ce a sauko da ita 2 ko L, a riƙa taka birki ana saki maimakon a kwantar da ƙafa a kai. A duba takalman birkin, a juye mansa in ya kai shekara biyu.

Na biyu, haƙori ba ya faɗin shekarun taya. A gefenta ki nemi haruffan DOT, a ƙarshen layin akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar ƙira, kamfanin Michelin kuma ya ce bayan shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko yaya take da kyau. Tsohuwar taya tana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, shi ya sa masu fasa-ƙwaurinta kan cusa uku ko huɗu cikin juna don su ɓoye, wayar cikinta ta lanƙwashe tun kafin ta hau mota. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya wajen 2007 da 2008 tsadar sabuwa ke tura mutane gwanjo, na san wannan, ban kuma raina aljihun kowa ba. Amma hanyar Mambila da iyali a ciki ba wurin gwada sa'a ba ne. Ki karanta lambobin da kanki, ki shafa gefen ki ji ko akwai kumburi ko ƙananan tsagu, sannan ki nuna wa maigida wannan shafi cikin lalama. Shawarata su koma girman da aka rubuta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba.

TAMBAYA: Oga, kuɗina na taya biyu ne kawai. In sa manyan a baya, in bar na da a gaba har in samu? Daga wani matashi a Kaduna.

AMSA: A'a ɗana, kada ka yi. In ka sa giyar ƙafa huɗu a Hilux, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai. Taya mai tsayi daban za ta sa ɗaya na ja ɗaya na turjewa, abin ya taru a akwatin da ke raba ƙarfin da farfela har wani abu ya karye. In motar mai ƙafa huɗu ce ta dindindin irin Prado, ɓarnar ma kullum ce, ko a kwalta. Haka zancen yake ga safaya, in ka ƙara girman huɗu ka bar ta ƙarama, ranar da ka yi faci a daji ka shiga wannan matsala. Ka sayi biyu sababbi daidai girman na yanzu ka sa su a baya, ka zaɓi mafi kyau cikin tsofaffin ka bar su a gaba, ɗaya ta zama safaya. In Allah Ya hore kuɗin biyar a lokaci ɗaya, ka sake rubuto min da lambar da ke jikin tayarka da irin hanyar da kake bi.